Saƙon Kaka da Kiɗan Kyuba

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa, kwana uku kafin mu bar Maraɗi. Na san lokacin domin na duba agogo na rubuta a littafina. Tun da na dawo makaranta kuke tare ni a ɗakin kwana da bakin famfo, wannan ta ce yaya Madina, waccan ta ce wai da gaske ne Balki ta yi rawa. Kun san ni da magana ba ma shiri, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta gama karantawa ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma don Allah kada a naɗe mini gefen takarda.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana da ƙanwa da ake kira Auta. Shekara arba'in ke nan da Auta ta bi mijinta aikin Hajji a ƙasa, suka zauna a Madina ba su dawo ba. Lokacin da za ta tafi, uwarsu tana kwance ba lafiya, Kaka ta yi fushi ta faɗa mata maganganu masu zafi. Da uwar ta rasu kuma Kaka ta ƙi aika mata, sai bayan shekara biyu Auta ta ji a bakin wani alhaji. Tun daga nan sai dai gaisuwa ta bakin mutane. Da Baba ya shirya Umra a hutun nan, ya ce zai tafi da ni saboda ɗan Larabcina da cika takardu, sai Kaka ta ce za ta yi wa ƙanwarta kaset, kamar yadda kowa yake yi yanzu, tun da su biyun ba mai karanta wasiƙa.

Na ɗauko rediyon Yaya Mamman, wanda yake karatu a Yamai, na zaɓi wani kaset a akwatinsa da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Kaka ta kori kowa daga ɗaki har da Baba, ta bar ni ni kaɗai. Maɓalli biyu ake dannawa tare, ja da baƙi. Jan ya ƙi shiga. Na danna baƙin, na ga zare yana juyawa, na ce a raina to haka abin yake. Ban san Yaya ya ɓalle ƴan haƙoran da ke bayan kaset ɗin don kada a goge masa ba. Ban kuma lura ya rage murya har ƙasa ba, domin saboda Baba kunnensa yake mannawa a jikin rediyon in zai saurara.

Kaka ta yi magana minti ashirin da biyar. Da ta gama na ce, "Kaka, mu saurara mu ji ko ya ɗauka?"

Ta ce, "Ni da na faɗa ban ji daɗin faɗa ba, sai in zauna in sake ji? Ciro shi, ƙawata."

Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta ɗinke da hannunta kamar laya, ta damƙa mini. Ta ce, "Hannu da hannu. Kuma ki dawo mini da amsa, mai daɗi ko mara daɗi. Ba na so a kai ni kabari da wannan abin a wuyana."

Ranar Juma'a muka shiga motar Katsina da kayanmu, rabinsu tsaraba: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da kilishi. A kan iyaka ma'aikacin ya buɗe jakar daddawa, ya ja baya da sauri, ya tambayi Baba ko a ƙasa mai tsarki ba su da abinci ne. Baba ya ce suna da shi, miya ce ba su da ita. Kwana biyu muka yi a Kano a gidan abokin Baba, inda matar gidan ta ƙara mana saƙon barkono zuwa ga wata ƴar'uwarta da ba ta san sunan unguwarsu ba, ta ce dai in mun je mu tambaya, kowa ya san ta. A jirgi wata tsohuwa ƴar Gumel ta riƙe mini hannu tun daga tashi har sauka, tana salati, duk lokacin da jirgin ya girgiza ta ce mini, "Kada ki ji tsoro, yarinya." Har yau shatin farcenta bai gama ɓacewa ba.

A Jidda zafi ya tare mu kamar an lulluɓe mu da jiƙaƙƙen bargo. Muka bi layin bincike. Ma'aikacin ya wuce daddawa, da alama ya saba, amma da ya ga farin ƙunshi a jakata sai ya ɗaga shi. Na tattaro Larabcin littafi na ce wasiƙar kakata ce. Ya farke ɗinkin da reza, ya sa kaset ɗin a rediyon da ke kan teburinsa, ya murɗa murya.

Jama'a, ƙahoni! Ƙahoni kamar goma suka tashi lokaci guda, ganguna suka biyo baya, wani ƙato ya kurma ihu da wani harshe da ban taɓa ji ba, wasu suka amsa masa. Layin gaba ɗaya ya juyo. Tsohuwar Gumel ta saki jakarta.

Ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Kakarki?"

Na ce, "A juya ɗaya gefen."

Ya juya. Wancan gefen ya fi sauri. Abokin aikinsa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Baba kuwa kalma ɗaya ya furta, a hankali, yana kallon sama: "Mamman." Ina jin fuskar Baba ce ta cece mu, domin mutumin ya ciro kaset ɗin ya miƙo mini, ya ce Allah ya ƙara wa kakata lafiya.

Baba ya ce Madina za mu fara, daga can mu ɗauki harami. A motar na yi masa bayanin jan maɓalli, na roƙe shi ya isar da saƙon da bakinsa. Ya ce, "Ni ta kore ni daga ɗakin, me na ji? Ke kika ji, ke za ki faɗa." Ni da ko gaban aji in an kira ni sai in yi ta in-ina! Na ciro littafina na fara rubuta duk abin da Kaka ta faɗa, daga sallama har inda ta tsaya ta yi tari. Mota tana tsalle, rubutu yana karkacewa.

A Badar muka tsaya cin abinci. Kujerun igiya ne dogaye, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Aka kawo soyayyen kifi ɗungurungum a kan shinkafa mai launin ƙasa, da shayi a ƙananan kofunan gilashi. Mai wurin ya ji muna Hausa, ya ce, "Sannu, alhaji, lafiya lau," ya tambaya ya amsa wa kansa, iyakar Hausarsa ke nan. Kafin mu tashi na cika shafi goma sha ɗaya.

Shiga Madina ba zan iya kwatanta muku shi ba. Motar ta yi tsit, sannan salati ya tashi daga baya ya zo gaba, na ga Baba yana share ido da bakin rawani. Na manta da kaset har muka idar da salla a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Muna fitowa na tuna.

Gidan Hajiya Auta yana wajen Uhudu. Ɗanta Kawu Bashir, direban tasi ne, shi ya ɗauke mu. Da ta fito tarbar mu na kusa faɗuwa, domin Kaka ce sak, sai dai an rage tsawo. Ta rungume Baba tana cewa, "Ahlan, ahlan, ɗan Yaya, ka ga yadda ka tsufa!" Hausarta tana nan daram irin ta da, amma kowace jimla sai ta ɗaura mata "yalla" ko "khalas" na Larabawa, wato "maza" da "shi ke nan". Jikarta Samira sa'ata ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, in kuwa ta matsa wa kanta ta yi Hausa sai ta ce da namiji "ke".

Aka kawo gahawa mai ɗaci da dabino. Kofin bai fi murfin kwalba ba. Ina shanyewa in miƙa, Samira ta sake zubawa. A gida in ka shanye ka ajiye an gama, a nan ashe sai ka girgiza kofin kafin a ƙyale ka. Ba wanda ya gaya mini, kunya kuma ta hana ni cewa ya isa. Kofi tara na sha. Ina kan na tara Hajiya ta ce, "To ƙawata, an ce Yaya ta yi mini kaset. Ina yake?"

Na ce, "Yana can ƙasan kaya, Hajiya."

Kwana uku yana ƙasan kaya. Da safe mu ci wake da suke kira ful da wani faffaɗan burodi mai suna tamis, mu tafi masallaci. Da yamma Kawu ya kawo tsire, wanda a can sunansa ya koma siriya, yajin ma namu ne. Ranar da Hajiya ta buɗe daddawa ta sa hanci, sannan ta kori kowa daga madafa ta tuƙa tuwo da kanta. Kullum bayan cin abinci sai ta ce, "Kaset fa?" In ce kaina yana ciwo, ko in ce zan yi alwala. Littafina yana ƙirjina, na haddace shafi goma sha ɗayan nan, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Ranar Alhamis bayan la'asar matan unguwa suke taruwa a ɗakin Hajiya, a sha shayi a yi hira. Mun kai mu goma sha biyu. Ina can lungu ina ɓare gyaɗa sai ga Samira da rediyo a hannu ɗaya, farin ƙyalle a ɗaya, tana murna ta ce ta taimake ni ta tono kaset ɗin. Hajiya ta gyara zama ta ce a yi shiru, yayarta za ta yi magana. Kafin in miƙe, Samira ta danna maɓalli.

Ƙahonin nan suka tashi.

Kafin kowa ya ce wani abu, wata farar mata mai jiki da ke zaune kusa da ƙofa ta yi ƙara ta miƙe tsaye, kofin shayinta ya kife. Ummu Yusuf ake ce mata, matar wani ɗalibi ce da ke haya a gidan da ke kallon namu. Ubanta mutumin Sham ne, amma a Kolombiya aka haife ta, a wani gari na bakin teku. Shekara shida rabonta da jin wannan kiɗa. Tana dariya, hawaye yana zuba, ta ce a rufe taga, a rufe taga, kada a kashe!

Daga nan ɗaki ya rikice. Ita tana bayani da Larabcinta mai sauri, Samira tana juya mini abin da ya wuce ni, ni kuwa, Allah ya shirye ni, na ciro fensir.

Ta ce na farkon nan mambo ne, ana gane shi da taron ƙahoni da ihun da mai kiɗa yake yi a tsakiya. Amma uwarsu duka wani kiɗa ne na tsibirin Kyuba mai suna son. Ta ɗauki cokula biyu ta buga: uku, sannan biyu. Uku, sannan biyu. Ta ce da ƴan sanduna biyu ake yin wannan bugun, kuma duk hayaniyar da muke ji a kansa take zaune. Garayar Turawa da salon waƙar daga Sifen suka zo, gangunan kuwa da amshi daga wajenmu, tare da mutanen da aka kwasa bayi aka haye teku da su. Ta nuna mu da cokali ta ce, "Naku ne! Kakanninku ne!"

Wata dattijuwa ƴar asalin Chadi ta ce, "To shi ya sa ƙafata take motsi ban sa ta ba."

Na biyu ya fi sanyi. Ta ce ca-ca-ca ke nan, an rage masa gudu don waɗanda mambo ya fi ƙarfinsu, sunan kuma daga ƙarar jan takalmi a ƙasa aka samo shi. Ta ja silifas ɗinta sau uku a kan siminti, muka ji kuwa haka yake cewa. Na uku ba garaya ba ƙaho, ganguna ne kawai da murya, ɗaya ya bayar saura su amsa. Ta ce rumba ce ta asali, ta talakawan bakin tashar jiragen ruwa, waɗanda in ba ganga sai su kifa akwatin katako su buga. Wata ta ce ai wannan kiɗan ƙwarya ne aka sa wa wando. Nan take aka kifa tiren shayi da roba, aka shiga amsa wa mutanen Kyuba daga Uhudu.

Aka juya kaset. Wani ya zo da gudu kamar an biyo shi, ta ce merenge ne na ƙasar Dominika, taku biyu ne kawai, hagu dama, kamar mai ɗingishi yana sauri. Na bayansa ta ce salsa, wadda mutanen tsibiran nan da suka yi ƙaura zuwa New York suka haɗa daga duk waɗancan, kuma ma'anar sunan miya. Samira ta ce, "Miya? Kuka walla kuɓewa?" Wato kuka ko kuɓewa. Aka kwashe da dariya. Na tambaya a hankali ko akwai wasu. Ta ce akwai samba ta Barazil, akwai tango ta Ajantina mai ɗaure fuska kamar an yi faɗa, amma mai kaset ɗin nan bai sa su ba.

Sai na ƙarshe ya shigo, da sarewa da wani taku mai nauyi. Ummu Yusuf ta dafe ƙirji. Ta ce wannan kumbiya ce, ta garinsu. Sarewar ta mutanen ƙasar ce na asali, gangar ta baƙaƙe, ana yin ta da dogon siket, mace tana riƙe da kyandir, ƙafa ba ta barin ƙasa. Ta fizge mini littafi ta jefa kan katifa, ta kama hannuna. Eh, gaskiya ne abin da kuka ji. Na yi. Ban iya ba, na taka ƙafar mutum biyu, ɗankwalina ya faɗi, amma na yi, har ina jin wata murya tana dariya da ƙarfi, ashe tawa ce.

Kaset ya ƙare, maɓalli ya yi ƙas. A cikin shirun nan na ga Hajiya Auta. Ba ta tashi daga inda take ba. Yatsunta suna kan tabarma, da alama sun yi ta bugawa, amma fuskarta ba dariya.

Ta ce, "Shekara arba'in. Abin da Yaya ta ga ya dace ta aiko mini ke nan? Ta mayar da ni abin wasa?"

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. A gaban matan nan duka na ce, "Hajiya, ba ita ba ce, ni ce. Kaset ɗin yayana ne. Ta yi magana, ni ce ban danna ja ba. Amma na ji duk abin da ta ce, yana wurina."

Ta dube ni, ta dubi matan, ta ce, "Yalla, ku ba mu wuri."

Da ɗaki ya zama daga ni sai ita, na ɗauko littafin na fara karantawa. Ban kai ƙarshen shafin farko ba ta ce, "Yaya ba ta magana kamar mai karanta labarai. Rufe." Na rufe. Na runtse ido na faɗa yadda na ji shi. Na ce, "Auta, ni ce. Na tsufa, haƙorana huɗu suka rage." Na faɗi yadda uwarsu ta yi ta kiran sunanta a kwanakin ƙarshe, da yadda ta ce a gaya wa Auta ta sa mata albarka, Kaka kuma ta riƙe wannan saƙon shekara arba'in ba ta isar ba saboda haushi. Na ce, "Na ci amanar Inna, na ci taki. Ki yafe mini in kina iyawa. In ba kya iyawa, ki faɗa mini, in sani." Har inda Kaka ta yi tari na tsaya, domin nan ne muryarta ta karye, tawa ma ta karye.

Aka kira magariba. Hajiya ta ce, "Tashi ki yi alwala." Ta ɗauki butarta ta fita.

Kwana huɗu suka rage mana, kuma a cikinsu ba ta tayar da maganar ba. Ta kai ni ziyarar shahidan Uhudu, ta saya mini ƴan kunne a rumfunan da ke wurin, ta yi ta faɗa da mai rumfar da Larabci tana zaginsa da Hausa. Ummu Yusuf ta aiko mini da soyayyar ayaba. Baba ya ji labarin Alhamis a bakin Kawu Bashir, ya dube ni ya ce Allah ya kyauta. Ni kuwa kullum ina kallon bakin Hajiya. Me zan ce wa Kaka in na koma hannu biyu?

Ranar da za mu wuce Makka, da hantsi, na same ta a madafa tana cusa dabino a gwangwani tana dannawa da tafin hannu. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Hajiya, na karɓo sabon kaset wurin Samira. Na gwada shi sau uku, yana ɗauka. Ko za ki yi wa Kaka magana?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ban yarda da akwatin nan ba. Ke dai da kika kawo, ke za ki mayar. Ajiye fensirin, ba dogo ba ne."

Na ajiye.

Ta ce, "Ki ce mata Auta ta ji. Ki ce albarkar Inna ta iso, ba ta lalace a hanya ba. Ki ce na yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe mini, don na san Inna tana kwance na sa ƙafa na tafi. Ki ce haƙorana shida, na fi ta." Ta danna murfin gwangwanin ta miƙo mini. "Shi kuma yayanki, ki ce masa ya haƙura da kaset ɗinsa. Ranar Alhamis muna da baƙi."